Wata goma sha biyun lasin Najeriya a Ingila, da yadda na yi lissafinsu ba daidai ba

Jiya lasina na Ingila ya iso ta gidan waya, ɗan katin nan mai ruwan hoda, na daɗe ina juya shi a hannu a ƙofar kicin kafin ma in kira uwargida ta gani. Alhamdulillah. Amma wallahi har yanzu in na tuna wata huɗun da motata ta yi a ajiye a ƙofar gida ina bin bas cikin sanyi sai raina ya ɓaci, don ba wanda ya jawo min sai lissafina.

Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a Leeds, irin wanda ake bi gida-gida, a rana sai ka shiga gida takwas ko tara, to ka ga mota ita ce aikin. Da na zo kowa ya gaya min ai lasin Najeriya yana aiki wata 12 a nan, kuma gaskiya ne. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne daga yaushe ake fara ƙirga watannin. Na sauka a watan Fabrairu, ban samu halin sayen mota ba sai Yuni, sai kawai na sa a raina cewa daga ranar da na fara tuƙi ne, wato ina da lokaci har Yunin baɗi. Ashe daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar ake ƙirgawa, ko ka taɓa sitiyari ko ba ka taɓa ba. Wata huɗu cur sun tafi ban sani ba.

Kuma don Allah a daina yaɗa zancen nan na cewa in ka je gida hutu ka dawo lissafin ya koma farko. Bai koma ba. Ita ma takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa da wasu ke yowa kafin su taso ba ta ƙara maka ko kwana ɗaya.

A masallaci na gane, bayan Juma'a, farkon Janairu. Wani dattijo ɗan Zariya da ya fi shekara ashirin a nan ya gan ni ina buɗe mota ya ce, "Ɗana, ka ci gwajin ne?" Na ce Baba ai da saura, sai Yuni. Ya tambaye ni yaushe na shigo, na faɗa masa, ya ƙirga da yatsu a gabana ya ce, "Saura maka sati biyar." Na ce Baba anya? Ya ce in je in duba. A cikin motar na zauna na duba a waya, ban iya tayar da ita ba sai da na yi kusan minti goma.

A da ina zaton musanya kawai ake yi, ka miƙa na gida a ba ka na nan. Akwai ƙasashen da ake yi wa haka, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Kanada da Japan, amma Najeriya ba ta ciki. Mu daga tushe muke farawa kamar yaron da bai taɓa shiga mota ba: lasin koyo daga DVLA, hukumar da ke ba da lasin tuƙi a nan, fam 34 ta intanet, jarabawar tiyori, wato ta sanin dokokin hanya, fam 23, sannan gwajin titi fam 62. Tiyorin bai ba ni wahala ba, tambaya 50 ana son ka ci 43, sai bidiyon hango haɗari, sati biyu na yi karatu na wuce. Inda na maƙale shi ne samun ranar gwajin titi. Da na shiga neman gurbi abin da na gani mafi kusa sai wajen Mayu. Kullum da asuba bayan sallah sai in buɗe waya ko wani ya fasa nasa.

Abin da ya fi ƙona min rai, sai ka yi kwana 185 a ƙasar kafin ka zauna gwajin, to ka ga a zahiri wata shida ne kawai tsakanin ranar da aka yarda ka fara da ranar da lasinka zai daina aiki. Da tun Agusta na fara da na gama cikin kwanciyar hankali. Ni kuwa a Agustan ina ta yawo da mota ina jin ai da sauran lokaci.

Ranar da wa'adin ya cika na ajiye makulli. Wasu abokai sun ce in ci gaba kawai, wa zai tare ka. Ban yarda ba, don da zarar lasin ya daina aiki inshorarka ma ta shiga matsala, kuma tuƙi ba inshora maki 6 ne na hukunci a kan lasinka da tarar fam 300, ana iya ɗauke motar ma, ga shi kana zaune a kan bizar aiki. Sai aka mayar da ni gidajen da ake iya zuwa a bas, awanni suka ragu, kuɗin da nake tura wa Hajiya duk wata sai da na rage shi, wannan kam ya fi komai yi min ciwo. Motar tana nan ina biyan inshora da haraji a kanta, ba na iya fita da ita sai da alamar L ta masu koyon tuƙi da wani mai lasin nan na shekara uku a gefena.

Gwajin farko kuma na faɗi. Shekara sha ɗaya ina tuƙi a Kano, Ƙofar Nassarawa da Kurna ba inda ban kutsa ba, amma wannan ƙwarewar ce ta kayar da ni. A shataletale na hango mota tana zuwa ta dama, na auna na ga zan wuce, na kuwa wuce lafiya, sai dai mai motar ya ɗan taka birki. Shi ke nan, babban kuskure ɗaya ya isa, ƙananan kuwa ana ɗaga maka ƙafa har 15, ni huɗu kawai na yi. Malamin tuƙina ya ce tun farko ya lura ina duba madubi da wutsiyar ido, mai gwaji kuma so yake ya ga ka duba, kafin sigina, kafin birki, kafin ka tashi daga gefen titi. Darasi shida na biya don kawai in zubar da ɗabi'un gida, tuƙi a hannun hagu ma bai ba ni wuya kamar wannan ba.

Na biyun sai Yuni, a wani gari na samu gurbi, tafiyar kusan awa ɗaya. Da mai giya na yi, don in ka ci da otomatik ita kaɗai za a ba ka izinin tuƙawa. Da matar da ta yi min gwajin ta ce na ci sai da na ce ta maimaita.

Ƙanina yana shirin zuwa a watan Oktoba. Na riga na ce masa ranar da ya sauka ya rubuta kwanan watan a bangon ɗakinsa, ya nemi lasin koyo da wuri, ya ƙirga kwana 185 ya zauna tiyori a satin da suka cika, ko da kuwa bai da kuɗin taya ɗaya.