Zuwa West Springfield neman ƙusar ƙaramin layin dogo

A ƙarshen watan Janairun kowace shekara ƙungiyar Amherst Railway Society kan shirya baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a filin Eastern States Exposition da ke West Springfield, jihar Massachusetts ta Amurka. Can na nufa ranar Asabar da sassafe, ni da ɗan yayata, daga tashar Penn ta New York. Ƙusa na je saye, wadda ke riƙe dogo a kan katakan da ke ƙarƙashinsa. Na daɗe ina son shimfiɗa layina da hannu, katako bayan katako, maimakon sayen wanda aka haɗa a masana'anta, ga shi ƙusa ba abar da hoton intanet ke nuna gaskiyarta ba ce.

Muka haye gadar Hell Gate gari na wayewa. Ni dai idona na kan layin da ke gefenmu: shimfiɗar kankare ce, an danne dogon da maɗaurin ƙarfe, babu ƙusa ko ɗaya. Sai a layukan gefe, inda ake ajiye taragai, nake hango tsofaffin katakai da kawunan ƙusoshi sun yi tsatsa cikin dusar ƙanƙara. A New Haven aka cire kan jirgi mai lantarki aka sa mai dizal, muka bi ta Hartford, muka sauka Springfield. Mota ta tsallaka da mu kogin Connecticut.

Baje kolin ya cika manyan gine-gine huɗu, jama'a maƙil. Yaron ya tsaya kallon jiragen da ke zagaya duwatsun roba, da ƙyar na janye shi zuwa teburin wani dattijo da ke shimfiɗa layi a gaban mutane. Ma'aunin HO yake aiki da shi, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, tazarar dogo da dogo milimita 16.5. Ya riga ya manna 'yan katakan da gam, ya goge samansu sun yi daidai. Sai ya cafki ƙusa da bakin filaya, ya jingina ta da gindin dogo, ya tura rabi, ya saki, ya rufe filayar ya danna kan har ya kwanta a kan gindin. Ya koma ɗaya gefen ya yi haka. Bayan kowace ƙusa biyu sai ya ɗora ma'aunin NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, wani ɗan falle na ƙarfe, ya duba tazara. Ba ya sauri ko kaɗan.

"Kawu, ai duk ƙusa ƙusa ce," in ji ɗan yayata da Hausa. Na ce masa ya matso ya duba da kyau.

Ga inda maganar take. Ƙusar layin gaske kaurinta wajen milimita 16 ne, tsawonta kusan inci 6. In aka rage ta sau 87, kaurin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, hannu ba zai iya dasa ta ba. Saboda haka duk wadda ake sayarwa ta fi ƙima girma, tambayar ita ce wane girma za ka iya haƙura da shi. Shi kuma dogon ana kiransa da lamba: 100, 83, 70, 55, tsayinsa ke nan in aka raba inci ɗaya kashi dubu. Leɓen ƙafar tarago, wanda ke riƙe ta kada ta sauka daga layi, yana leƙowa ƙasa wajen 0.025 na inci a ƙafafun zamani, na tsofaffin taragai ya fi haka zurfi. Dogo mai lamba 100 yana da sarari, kan ƙusa ko ya yi kauri ba ruwansa. A kan 70, balle 55, ƙusa mai babban kai sai ta riƙa dukan leɓen. Dattijon ya nuna mana da gangan: ya dasa manya uku a wani guntun 55, ya tura tarago da yatsa, muka ji ƙas, ƙas, ƙas, har taragon na ɗagawa.

Tsawo kuma abin da ke ƙarƙashi ne ke yanke shi. Shi yana ɗora layinsa a kan Homasote, allon da ake yi da matsattsiyar takarda, wanda ke karɓar ƙusa ya riƙe ta gam. In falanki mai tauri ne a ƙasa, doguwar ƙusa tana ratsa ɗan katakon sai ta ci karo da shi ta lanƙwashe, ko ta ture dogon gefe. Mai kauri kuma tana tsaga katakon, sai an fara huda masa rami. Ƙananan ƙusoshin can, masu tsawon 3/16 na inci, sun fi kowace kyau a ido, na daɗe ina jujjuya ledarsu. Amma da ya miƙo mini filayar na gwada, na ga sai mai haƙuri da tabarau mai ƙarfi. A ganina wanda zai dasa ɗaruruwa ya zaɓi wadda hannunsa zai iya maimaitawa ba gajiya, muddin ƙafar tarago ta wuce shiru.

Dogona mai lamba 70 ne, na kuwa zo da tarago ɗaya a aljihun riga saboda wannan. Ya bar ni na dasa masu kwatan inci a guntun layinsa, a kowane katako na biyar, na tura taragon ya wuce sumul. Su na saya a rumfar da ke kusa, da leda ɗaya ta ƙananan don gaban tashar layina inda ido ya fi sauka, da filaya mai tsagi a baki. Yaron ya ce shi zai riƙa miƙo mini ƙusa in mun koma, amma sai na bar shi ya dasa na layin ajiye taragai da kansa. Na amince, muka fita neman motar komawa tasha kafin jirgin yamma.