Karo na huɗu a kan tukunyar chili: abin da na zuba a gurbin giya

'Yan uwa masu koyon girki, wannan ne karo na huɗu da na ɗora tukunyar chili con carne tun zuwana birnin Houston na jihar Texas a Amurka, kuma sai a jiya na samu abin da zan iya ajiye wa baƙo ba tare da na fara ba shi haƙuri ba. Sunan daga Sifaniyanci yake, ma'anarsa barkono da nama, kuma mutanen Texas sun riƙe shi da daraja har majalisarsu ta ayyana shi abincin jihar a 1977. A ka'idarsu ba a zuba wake, ni ma na bi su a kan haka.

Abin da ya ɗaure mini kai tun farko shi ne yawancin bayanan girkin da na samu suna cewa a juye kwalbar giya bayan an soya naman. Wani abokin aikina ya ce barasar ƙonewa take yi a wuta, amma binciken ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna ko bayan awa biyu da rabi ana dahuwa, kusan kashi 5 cikin 100 nata yana nan, saboda haka ban saka ba. A karo na farko ruwa zalla na zuba, miyar ta fito lami. A na biyu na gwada lemon malt, zaƙi ya rinjayi yajin kamar an ɓarar da sukari a tukunya. Na uku kuwa laifina ne, domin na bar busasshen barkonon ya ƙone a kasko, ɗacinsa ya lalata nama kilo guda.

Daga baya ne na gane cewa ba ɗanɗanon giya ake nema ba, aikinta ake nema: ta kankare ƙanzon da naman ya bari a gindin tukunya, ta kuma kawo ɗan ɗaci da tsami waɗanda ke karya maiƙo. Jiya na yanka naman kafaɗar sa kilo ɗaya da rabi, mai kitse da jijiya, na soya shi kashi uku, saboda idan aka cika tukunya lokaci guda ruwa yake fitarwa maimakon ya yi ja. Da na kwashe na ƙarshe, gindin tukunyar ya yi ƙanzo mai launin ƙasa-ƙasa, sai na zuba romo kofi biyu da rabin kofi na baƙar gahawa, na riƙa kankarewa da muciya har ya narke, ruwan ya koma duhu.

Barkonon ba irin namu ba ne, ƙamshinsa ya fi zafinsa. Na ɗauki ancho huɗu da guajillo huɗu, na ƙara árbol biyu domin harshen Bahaushe ba ya yarda da miyar da ba ta sa gumi. Na cire 'ya'yan, na gasa kowane gefe kamar daƙiƙa talatin, da zarar ƙamshi ya tashi na sauke, na jiƙa a ruwan zafi minti ashirin, sannan na markaɗa da albasa da tafarnuwa da kumin. Awa uku tukunyar ta yi a kan ƙaramar wuta. Dab da saukewa na dama cokali biyu na garin masarar da suke kira masa harina don ta yi kauri, na bi da cokali ɗaya na ruwan tsamiya, wanda a ganina ya fi ruwan khal dacewa da nama.

Ragowar da ta kwana a firji ta fi ta jiya daɗi, sai dai gahawar ta ɗan fito fili. A karo na biyar zan rage ta zuwa kwatan kofi, in gwada barkonon chipotle guda ɗaya saboda ƙamshin hayaƙinsa.