Aikinmu na NMR, da rigimar kwalaben jabu

Kullum sai an tambaye ni wai wane irin gwaji ake yi a ɗan kamfanin nan namu. To in ka san MRI ta asibiti, tamu yayarta ce, NMR, tun 1946 masana kimiyya Bloch da Purcell suka gano ta. Mu dai ba mutum muke turawa ciki ba, 'yar kwalba ce siririya mai faɗin milimita 5, a zuba mata furotin ko abin da aka tato daga ganye, a saka a tsakiyar maganaɗisu mu karanta yadda ƙwayoyin haidirojin suke amsawa.

A Zurik ta ƙasar Suwizalan na koyi aikin, garin da Kurt Wüthrich ya yi binciken gano surar furotin a cikin ruwa da NMR har ya ci Nobel a 2002. Malamina dattijo ne mai tsauri, wallahi ba zai bari ka fara awo ba sai ka iya daidaita ƙarfin maganaɗisun da hannunka, kana murɗawa kana kallon layin da injin ke nunawa a allo har ya tsaya tsaf siriri. Kafin nan ma ka ciyar da bakteriyar E. coli gishirin amoniya mai naitirojin 15, wato irin naitirojin da injin ke iya gani, ka tace furotin ɗin da ta samar tas, sannan ɗigo-ɗigo su fito a allo, kusan kowane ɗigo amino asid guda, wato tubalin da ake gina furotin da shi. In furotin na da lafiya za ka ga sun warwatsu gwanin sha'awa, in ya lalace duk sai su cunkushe a tsakiya, kallo ɗaya nake yi yanzu in gane.

Abin da ke ƙona min rai kwalaben jabu ne. Ɗalibi ya yi wata da watanni yana tatar ganyen sabara, ya zo ya sayi kwalba mai araha wadda ma ba ta miƙe ba, layukan su fito da kauri, ya ce injinmu ne, kuma ya tsaya yana neman ragi! Injin namu mai megahaz 400 ne, ruwan hiliyom yake sha mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili don sanyaya maganaɗisun, mai kawowa in ya yi latti barci ƙaurace min yake, don in ya ƙafe maganaɗisun ya tafi kenan.

Shi ya sa yanzu mu ke ba da kwalba da ruwan narkarwa mai diyutiriyom, wato haidirojin mai nauyi, naka kawai ka busar da samfur ɗinka sosai kafin ka kawo, ka kuma bar kwalbar kasuwa a gida don Allah.