Fitsarin ɓeran Masar: wane launi ne lafiya, wane ne na kai wa likita

Masu kiwon ɓeran Masar a Yamai sukan tsorata idan suka ga wani fari-fari ya bushe a ƙasan keji, ko fitsarin ya koma ruwan goro. Sau da yawa babu komai. Abin tsoron kuwa, wato ɗan ɗigon jini da ƙaramin kuka lokacin fitsari, shi ake wucewa ba a lura ba. Launi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Sai an taɓa fitsarin da hannu, an kuma tsaya an kalli yadda dabbar take yi idan ta tsuguna.

Fitsarin lafiyayyen ɓeran Masar ba garau yake ba. Yana da duhu-duhu kamar koko da aka tsinka da ruwa, daga fari-fari zuwa ruwan ɗorawa. Dalili shi ne rarar kalsiyum ɗin da ya ci ta ƙoda take fita, kuma fitsarin nasa na dabba mai cin ciyawa ne, ma'auninsa na pH, wato awon tsami, yana kai 8 zuwa 9, ma'ana ba shi da tsami, don haka kalsiyum ɗin ba ya narkewa, sai ya kwanta. Idan ya bushe ka murza shi tsakanin yatsu biyu. In ya zama gari mai laushi, lafiya lau. In ka ji yashi-yashi yana kartar yatsa, ko fitsarin yana fita da kauri dunƙule-dunƙule, to laka ta fara taruwa a mafitsara, kuma daga nan tsakuwa take somawa.

Ruwan goro ko ruwan ƙasa ma yakan zama ba cuta ba. Akwai wani launi a cikin fitsarin da yake ƙara duhu idan ya sha iska, shi ya sa fitsarin da ya fito rawaya da safe za ka tarar ya yi tsatsa-tsatsa da rana. Karas da bitarab su ma suna rina shi. A daina ba shi su kwana biyu a gani. Duhun da zafi yake kawowa kuwa daban ne, fitsarin yakan yi kaɗan, ya yi wari mai ƙarfi, alamar ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

Jini yana da nasa kamanni. Ba kullum yake rina fitsarin gaba ɗaya kamar yadda abinci yake yi ba. Yawanci ɗigo ne ja ko ruwan hoda a tsakiyar wurin da ya jiƙe, ko zare-zaren jini, ko ɗan gudaji a ƙarshen fitsari. Ga yadda ake tabbatarwa. A wanke robar wanki a shanya ta bushe, a sa ɓeran a ciki shi kaɗai da ɗan yankan kokwamba, a jira, galibi ba a kai awa ɗaya ba zai yi. A zuƙe fitsarin da sirinji marar allura. A farmasi ana samun tsinken gwajin fitsari irin na mutane, a ɗiga masa, bayan minti ɗaya gurbin jini yakan koma kore idan akwai jini. Wasu suna ɗiga ruwan oksijene na wanke ciwo su ga ko zai yi kumfa. Yana taimakawa, amma datti ma yana sa kumfa, tsinken ya fi. Sauran fitsarin a kai wa likitan dabbobi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Kada a matsa cikin dabbar don ta yi fitsari, idan akwai tsakuwa a hanya mafitsara tana iya fashewa.

Abu uku ne suka fi kawo jini. Na farko ƙwayoyin cuta a mafitsara, kuma mata suka fi kamuwa saboda hanyar fitsarinsu gajera ce, kusa da dubura, ga shi cikinsu yana jan ƙasa a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Na biyu tsakuwa, wadda ta fi kama waɗanda suka haura shekara 2. Na uku mahaifa. Macen ɓeran Masar ba ta haila, don haka duk jinin da ya fito ta gabanta, in ba lokacin haihuwa ba, ciwo ne, ko da fitsarin kansa yana da kyau.

Dabbar da kanta tana nuna ciwo in an kula. Za ta ɗaga gindi, ta ranƙwafa baya, ta yi nishi, ta saki ƙara siririya lokacin fitsari ko kashi. Gashin ƙarƙashinta yakan jiƙe ya yi zarni, fatar ta yi ja. Namiji ya fi shiga haɗari, domin hanyarsa doguwa ce kuma matsattsiya, ƴar ƙaramar tsakuwa ta isa ta toshe ta. Namijin da yake ta tsugunawa babu abin da yake fita, ko wanda ya yi awa 12 bai ci komai ba, ba a kwana da shi a gida. Toshewar tana lalata ƙoda cikin kwana ɗaya zuwa biyu, rashin ci kuma yana tsayar da hanjinsa.

Tsakuwar ɓeran Masar kusan kullum ta kalsiyum ce, kuma babu jiƙo ko canjin abinci da yake narkar da ita bayan ta ƙullu. Hoton radiyo, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, yana nuna ta sarai. Ƙarama takan fita da kanta a jikin mace, babba sai tiyata, kuma tana yawan dawowa. Saboda haka rigakafi a akushin abinci yake.

A nan ne kiwonmu na gida yake yin kuskure, da kyakkyawar niyya kuwa. Wanda yake da awaki ko tumaki, abin da ke hannunsa shi yake zuba wa ɓeran, harawar wake da ta gyaɗa. Ga tunkiya abinci ne mai kyau, amma ganyen wake da gyaɗa cike suke da kalsiyum, babban ɓera da yake cin su kullum mafitsararsa ce take biya. Zogale ya fi su ma. Alayyafo da yakuwa da faski suna da kalsiyum ko sinadarin oksalat mai taimaka wa tsakuwa. Abincin kajin ƙwai shi ne mafi muni, domin da gangan ake zuba masa farar ƙasa ko garin ɓawon kawa har kalsiyum ɗinsa ya kai kusan kashi 4 cikin 100, don ƙwai ya yi ɓawo. Kanwa da dutsen lasa kuma a bar wa shanu.

Abin da ya dace ya zama tushen abincinsa shi ne ciyawa zalla, ɗanya ko busasshiya, kamar burgun da ake yankowa daga bakin kogin Isa, ko kyasuwa, ko harkiya, ta kasance a gabansa dare da rana. A ƙara da kofi ɗaya na ganye a rana, salati da kokwamba da koren tattasai, a wanke su a ba shi da danshinsu. Tattasan yana da muhimmanci don ɓeran Masar ba ya iya haɗa bitamin C a jikinsa, yana bukatar miligiram 10 zuwa 30 ga kowane kilo kullum. Kada a zuba bitamin ɗin a ruwan sha, yana lalacewa da sauri, yana kuma canza ɗanɗano har dabbar ta rage sha. Zogale da harawa ba haramun ba ne, ɗan kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Ƴaƴa masu tasowa da mai ciki da mai shayarwa su ne suke bukatar fiye da haka.

Ruwa kuwa, ƙa'ida wajen mililita 100 ce ga kowane kilo a rana, babba kuma yana yin giram 700 zuwa 1200. Asalin wannan dabba tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, tana jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, ga shi Afrilu da Mayu a Yamai zafi yana haura 40. Keji a ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka kisa ne. A sa shi a inuwa mai iska, a ajiye ruwa wuri biyu cikin kasko mai nauyi da ba zai kife ba, a canza safe da yamma, a jingina masa gorar ƙanƙara da aka naɗe da tsumma. Idan ruwan rijiya ko na fanfon burtsatse ake amfani da shi, a duba cikin tukunyar da ake tafasa ruwa. In farin ɓawo yana kama ta, ruwan yana da farar ƙasa da yawa, gara a nemo masa wani. Shimfiɗar da ta jiƙe a kwashe ta kullum.

Sai maganar kafso, wadda muke roƙon kowa ya riƙe ta da kyau. Mutum ya ga jini, sai ya sayi amoksisilin wurin mai tallan magani, ya fasa ya jiƙa ya ɗura wa dabbar. Wannan magani da danginsa, penisilin da ampisilin, haka ma eritromisin da linkomisin da kilindamisin, suna kashe ƙwayoyin da suke narkar masa da ciyawa a hanji, wata muguwar ƙwaya ta samu fili ta yaɗu, gudawa ta biyo, ya mutu cikin ƴan kwanaki. Waɗanda likitoci suke ba shi su ne irin su kotirimoksazol da enrofuloksasin, da meloksikam don rage zafi, kuma da nauyinsa ake auna su. Ba kowane likita ne ya saba da ƙananan dabbobi irin wannan ba, don haka ba rashin ladabi ba ne ka tambayi sunan maganin kafin a ba shi. A kammala kwanakin da aka rubuta ko da jinin ya tsaya, in kuma ya dawo bayan an gama, a nemi hoto, domin tsakuwa ce take yawan ɓoyewa a bayan ciwon da ya ƙi ji.

Ɓeran da ya taɓa yin tsakuwa ko ciwon mafitsara, a riƙa ɗora shi a sikelin kicin sau ɗaya a mako, rana ɗaya, kafin abincin safe, a rubuta. Ragin giram 50 na a sa ido ne, na 100 kuwa na a koma wurin likita ne. A riƙa shimfiɗa masa farin ƙyalle na dare ɗaya lokaci-lokaci, don a kan ciyawa da ƙasa ɗigon jini ba ya nunawa.