Masu yaɗa hoton tsiraicin 'yan mata, ku ji

Abin da ke faruwa a zangonnin Kumasi ya isa haka wallahi. Saurayi ya rabu da yarinya sai ya watsa hotunanta a WhatsApp, jama'a kuma su hau zaginta wai ita ta jawo, shi kuwa gogan yana yawonsa a Aboabo ko kunya babu.

To a Ghana akwai doka fa, dokar tsaron intanet, Act 1038 ta 2020. Yaɗa irin hoton nan ba da yardar mai shi ba, ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ne. In ka tsoratar da ita da hoton don ta ba ka kanta, shekara 10 zuwa 25.

'Yar uwa kar ki goge saƙonnin, ki ajiye shaida ki kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta Ghana.