Zauren masu nazarin kasuwanci a Saudiyya: abin da ke raya shi

Mai nazarin kasuwanci shi ne ke tsayawa tsakanin masu kamfani da masu rubuta manhaja. Yana sauraron abin da sashen kuɗi ko na ma'aikata ke so, ya tace shi, ya rubuta shi a matsayin buƙatun da za a iya ginawa a kuma gwada. Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da shirinta na sauya tattalin arziki, Vision 2030, a 2016 aikin ya samu kasuwa a ƙasar, kuma 'ya'yan Hausawan Makka da Jidda da Madina, da waɗanda suka zo da bizar aiki daga Kano ko Yamai, sun shiga ciki. Sai dai kusan kowa shi kaɗai ne a ofishinsa, shi ya sa ake buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram. Da yawa ba sa daɗewa. A tara ɗaruruwan mutane, a yi ta turo tallar kwas da barka da Juma'a, a zama taron tsintsiya babu shara.

Abin da aiki ya nuna shi ne, zauren sana'a da aikin gaske yake rayuwa. A fara da mutum goma sha biyu zuwa goma sha biyar. Kowace Lahadi, ranar da ake komawa ofis, mutum ɗaya ya kawo takardar buƙatu da ba ta wuce shafi biyu ba. A ambaci sunan mutum biyu da za su duba ta kafin Laraba, domin in aka ce "jama'a a duba", kowa zai bar wa ɗan'uwansa. Masu dubawa su bi kowane layi da tambaya uku: wa ya nemi wannan, yaya za a gwada shi, me zai faru in abin ya ƙi? "Manhaja ta fitar da rasit da sauri" fata ne kawai. Sai an faɗi daƙiƙa nawa, da abin da mai kanti zai gani in intanet ta yanke.

Misalan ƙasar da ake zaune su suka fi koyarwa. Harajin VAT ya fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma 15 a Yulin 2020. Duk takardar da ta kafe adadin a cikin manhaja, ba tare da ranar fara aiki ba, ta bar rami: kayan da aka saya a watan Yuni aka dawo da su a Yuli, da wane kaso za a mayar da kuɗin? Tsarin rasit na lantarki na ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, tsarin da ake kira Fatura, ya fara ranar 4 ga Disamba 2021, mataki na biyu na haɗa manhajar kamfani da ta hukuma ya biyo baya daga 1 ga Janairu 2023, rukuni-rukuni. Lambar katin ɗan ƙasa da ta iƙama, wato katin izinin zaman baƙo, duk alƙaluma goma ne, ta farko na farawa da 1, ta biyu da 2, amma mahajjaci fasfo gare shi, fom ɗin da bai tanadar masa gurbi ba ya kore shi. Ga kuma kwanan wata: in ba a rubuta ko na Ummul Ƙura, kalandar Hijira ta Saudiyya, ake adanawa ko na Miladiyya ba, da yadda ake juyawa, ranar ƙarewar kwantiragi na iya gocewa da kwana ɗaya, a yi ta jayayya.

Wannan tsari na da haɗari, kuma dole a yi masa ƙa'ida tun ranar farko. Takardar ofis amana ce. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, ga yarjejeniyar sirri da ma'aikaci ke sa wa hannu, kuma baƙo iƙamarsa a rataye take da aikinsa. Goge suna bai wadatar ba, tambarin kamfani na nan a hoton allo, sunan marubuci na ɓoye a bayanan fayil. A sake rubuta matsalar a sabon shafi, da kamfanin ƙage da alƙaluman ƙage. Kada kuma a kafa asusun tara kuɗi, tara gudummawa ba da izinin hukuma ba laifi ne a ƙasar.

Hutun Saudiyya Juma'a da Asabar ne, na Najeriya Asabar da Lahadi, don haka in za a yi zaman kai tsaye ta intanet, har da masu shiga daga wajen Saudiyya, Asabar ce ta haɗa kowa. Ƙarfe 10 na safe a Riyad, 9 ce a Sudan, 8 a Kano, kuma an tashi kafin azahar. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, sai a tsara zaman minti 35. Daga shigowar Zulhajji a ba da hutu, 'yan Makka ba za su samu sukuni ba. Wanda aka haifa a Saudiyya yakan ji Hausa ras amma karanta boko ya yi masa wuya, to a yi bayani da baki cikin Hausa, takarda ta tsaya a harshen da ofis ke aiki da shi. Saƙon murya ba ya bincikuwa, saboda haka wani ya rubuta taƙaitawa ta layi biyar a ajiye a Google Drive.

Batun shaidar ƙwarewa a ware masa ɗaki daban, in ba haka ba zai cinye zauren. Cibiyar masu nazarin kasuwanci ta duniya, IIBA, wadda aka kafa a Toronto a 2003, tana neman sa'o'in aiki 3,750 cikin shekara bakwai kafin a zauna jarrabawar shaidarta ta CCBA, 7,500 cikin shekara goma kafin babbar shaida ta CBAP. Taimakon da ya fi amfani shi ne a sa kowa ya fara rubuta sa'o'insa tun yau, aiki-aiki, bisa fannoni shida na BABOK, littafin jagora na cibiyar. Tambayoyin jarrabawa na sata kuwa, a goge su nan take.

Abin da ya fi wuya shi ne kunya. Ƙarami ba zai ce wa Malam ko Hajiya takardarsu na da gyara ba, ga shi gyaran aka taru a yi. Maganinsa, manya su fara kawo nasu aikin, a wurin zama kuma ƙanana su fara magana, kafin ra'ayin babba ya rufe musu baki. Sabon shiga ya duba takardu biyu kafin ya kawo tasa. In masu jiran layi sun kai sai mutum ya yi wata huɗu kafin a zo kansa, lokacin rabuwa gida biyu ya yi, a raba bisa fanni, na banki daban, na asibiti da ma'aikatun gwamnati daban, kowane gida da mutum biyu masu riƙe jadawali.