Yadda muke shirya 'yan ƙwallon kwaleji a Amurka ba tare da atisaye ya cinye su ba

Aikina kula da lafiyar 'yan wasa ne a wata ƙaramar kwaleji a kudancin Amurka, kuma ƙwallon da ake bugawa a nan ba irin wadda muka sani a gida ba ce. Ita wannan da hannu ake riƙe ta, ana sa hular kwano da sulken kafaɗa, ana karo da juna da gangan. Muna rukuni na uku na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu don wasa, kuma wasa goma ake bugawa a kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba. Abin da na gani a wannan aiki shi ne, ƙungiyar da ta rushe a watan Oktoba yawanci tun a Janairu da Agusta aka karya ta, a filin atisaye, da hannun masu horar da ita.

Sai an fahimci tsarin wasan kafin a gane inda ake yin kuskure. Kowane ɗauki, wato daga lokacin da aka motsa ƙwallo zuwa lokacin da aka tsayar da wasa, ba ya wuce daƙiƙa 4 zuwa 6, sannan a sami hutun da zai iya kai daƙiƙa 40 kafin a sake jeruwa. Ƙartin da ke layin gaba kan kai kilo 130 ko fiye, kuma da wuya ɗayansu ya yi gudun yadi 20 a ɗauki guda. To amma har yau akwai kocin da zai jera irin wannan ƙato da siririn yaro mai kilo 80, ya ce su yi gudun yadi 110 sau goma sha shida a kan lokaci ɗaya. Wannan ba ya gyara komai a wasan ƙaton, zafi kawai yake tara masa a jiki, domin mai jiki ya fi saurin ɗaukar zafi kuma ya fi wuyar fitar da shi. Mu mun raba su gida-gida bisa matsayinsu a fili. Ƙartin gaba gajeren gudu suke yi, yadi 10 zuwa 20, da tura keken ƙarfe mai nauyi na daƙiƙa 5, su huta rabin minti. Masu gudu a gefe su ne ke yin mai tsawo.

A kakar da muka fi shan kashi, abin da koci ya yi bayan an doke mu sau biyu a jere shi ne abin da kusan kowane koci yake yi: ya ce yaran sun yi laushi, ya ƙara karo a ranar Talata da Laraba, ya ƙara gudu a ƙarshen atisaye a matsayin horo. Kafin tsakiyar kaka ɗakin jinya ya cika da masu yagewar tsokar bayan cinya da targaɗen idon sawu da ciwon kafaɗa. Da na farko suka kwanta, na benci suka shiga, su kuma ba su taɓa samun isasshen atisaye ba, sai suka bi sahu. Gajiyayyen ɗan wasa yakan makara wajen dasa ƙafa, yakan sunkuyar da kai lokacin karo, daga nan rauni yake shigowa. Wato maganin da aka ba ƙungiyar shi ya ƙara mata ciwo.

Lokaci mafi haɗari shi ne makon farko bayan dogon hutu. A Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasan Jami'ar Iowa 13 a asibiti bayan wani atisaye da aka sa su tsugunno sau 100 da ƙarfe a kafaɗa ana duba agogo, suna dawowa daga hutu ke nan. Abin da ya same su narkewar tsoka ne: naman jiki ya farfashe, abin da ke cikinsa ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Alamarsa kumburi da ciwon da ya wuce na gajiya, da fitsari mai launin baƙin shayi. Duk ɗan wasan da ya faɗa min haka, asibiti yake tafiya a ranar don a auna jininsa, ba na jiran gobe. A 2019 ƙungiyoyin masu horar da ƙarfin jiki na Amurka suka fitar da ƙa'idar da muke bi yanzu: a makon farko a rage yawan gudun da aka saba da kashi 50 cikin ɗari, na biyu 30, na uku 20, na huɗu 10. A makon farkon kuma, duk daƙiƙa ɗaya ta aiki tana da huɗu na hutu. A wannan shekarar ce kuma NCAA ta fito fili ta ce kada a mayar da motsa jiki gwale-gwale. Wanda ya makara ko ya tsallake aji, a hukunta shi ta wata hanya.

Scott Anderson, wanda ya daɗe yana shugabantar masu kula da lafiyar 'yan wasa a Jami'ar Oklahoma, ya ƙirga a 2017 cewa daga shekarar 2000 'yan ƙwallon NCAA 33 ne suka mutu a harkar wasan, kuma 27 daga cikinsu ba karo ne ya kashe su ba. Zafi ne, da zuciya, da sikila, da asma, galibi a lokacin atisayen ƙarfafa jiki.

Agusta a kudancin Amurka zafi ne mai gumi, iska a jiƙe take, zufa ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki. A 2003 NCAA ta kafa dokar sabawa da zafi, wadda a lokacin ta ce: kwana biyun farko hula kawai, kwana biyu na gaba hula da sulken kafaɗa, sai a rana ta biyar a sa cikakkun kaya. Wannan mafi ƙaranci ke nan, domin jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba sosai. Muna ɗora kowa a sikeli kafin atisaye da bayansa, da gajeren wando kawai. Wanda ya rasa kilo ɗaya zai sha kusan lita ɗaya da rabi kafin gobe, da abinci mai gishiri. Wanda ya dawo da safe bai maido nauyinsa ba, giɓin ya haura kashi 2 cikin ɗari, ba zai sa sulke ba. Akwai kuma na'urar da ke haɗa zafin rana da laimar iska da ƙarfin hasken rana ta ba da lamba ɗaya. A tsakiyar fili nake auna ta, ba a inuwa ba, domin ciyawar roba ta fi ta gaske zafi nesa ba kusa ba. Idan ta haura 33 a ma'aunin Salshiyas, babu atisaye a waje.

Bahon ƙanƙara shi ne kayan aikin da ba na yarda a busa usur babu shi. Babban baho ne na roba irin na shayar da dabbobi, mai cin lita 500 da wani abu. Kafin yara su fito an cika shi rabi da ruwa a ƙarƙashin rumfa, akwatunan ƙanƙara uku ko huɗu na gefe. Idan ɗan wasa ya fara tangaɗi, ko surutai, ko faɗa babu dalili, sai a yanke rigar da sulken da almakashi, a auna zafinsa ta dubura. Na baki da na kunne da na goshi duk ƙarya suke yi wa mutumin da ya gama gudu. In ya haura 40, a tsoma shi har wuya, ruwan ya kasance ƙasa da 15. Mutum ɗaya ya zura tawul ta ƙarƙashin hammatarsa ya riƙe ta baya kada kansa ya nutse, wani ya yi ta juya ruwan da hannu, wani ya kira motar asibiti. Ba a fitar da shi sai zafin ya sauko 38.9, ko da motar ta iso tana jira. Abin da ake nema shi ne a sauko da shi cikin minti 30. Jordan McNair na Jami'ar Maryland, mai shekara 19, ya faɗi a atisayen gudu ranar 29 ga Mayu 2018, ba a tsoma shi a ruwan sanyi ba, ya rasu ranar 13 ga Yuni. Bayan wannan babu kocin da ya sake yi min gardama a kan kuɗin ƙanƙara.

Batun sikila ya shafe mu kai tsaye, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, a baƙaƙen Amurka kuwa kusan ɗaya cikin goma sha biyu. A gida lokacin aure kaɗai ake tuna gwajin, alhali mai AS zai iya faɗuwa idan aka matsa masa da gudun ƙure ƙarfi babu hutu. Bayan rasuwar Dale Lloyd na Jami'ar Rice a 2006, NCAA ta wajabta gwajin a rukuni na ɗaya daga 2010, sauran rukunan suka biyo baya. Ba a hana mai AS wasa. Ana dai barinsa ya hau a hankali, ya huta idan ya ji alama, ba a sa shi gwajin gudu na agogo a ranar farko. Wurin da ake ruɗewa shi ne bambanta faɗuwar sikila da ɗaurewar jijiya. Mai ɗaurewar jijiya ihu yake yi, tsokar ta yi tauri kana ganinta. Mai faɗuwar sikila sulalewa yake yi, ƙafafu su mutu, tsokar da laushinta, kuma yakan zo da wuri, cikin 'yan mintocin farko na gudu mai tsanani. Wannan ba a miƙe masa ƙafa a ce ya tashi. A tsayar da shi, a sa masa iskar oksijin lita 15 a minti, a sanyaya shi, na'urar farfaɗo da zuciya na kusa, a kira mota.

Tsokar bayan cinya kuwa ta fi komai cinye mana masu gudu, kuma maganinta ba shi da tsada. Ɗan wasa ya durƙusa a kan katifa, abokinsa ya danne masa dugadugai, ya riƙa sulalowa gaba a hankali jiki a miƙe, yana riƙe kansa da bayan cinya har ya kasa, ya tare da hannu. Makon farko sau 5, zubi biyu, rana ɗaya kacal, domin ciwon da yake biyo baya ba kaɗan ba ne. A mako na biyar a kai zubi uku na 12 da 10 da 8, kwana uku a mako, idan gasa ta fara a koma sau ɗaya. Bincike ya nuna yana rage wannan rauni da kusan rabi. Muna haɗa shi da gudun ƙure ƙarfi kaɗan, yadi 30 zuwa 40 sau huɗu ko biyar, da farkon atisaye lokacin da ƙafa ke da sabo. Tsokar da ba ta taɓa kai ƙarshen gudunta a cikin mako ba, ranar Asabar, wato ranar wasa, take yagewa.

Da muka gyara makon gasa, ga yadda ya koma. Lahadi duba raunuka da ɗaga ƙarfe mara nauyi, Litinin hutu, Talata ce kaɗai ranar karo na gaske, Laraba sulke amma ba a kai mutum ƙasa, Alhamis hula kawai, Juma'a bitar dabaru da tafiya. Ɗaga ƙarfe sau biyu a mako ba ya tsayawa, nauyi da yawa, maimaici kaɗan. Ƙungiyoyin da ke ajiye ƙarfe da zarar gasa ta fara su ne ke isa Nuwamba a raunane.

Saura wanda ke da ikon cewa ɗan wasa ya warke. A 2016 manyan ƙungiyoyin NCAA suka amince cewa hukuncin likita da mai kula da lafiya ba ya ƙarƙashin koci, mu ma muka sa haka a rubuce, shugaban sashen wasanni ya sa hannu kafin kaka ta fara. Ya fi amfani a buguwar ƙwaƙwalwa, inda babu jini babu karaya, yaron kuma zai rantse maka lafiyarsa ƙalau don kada a ƙwace masa gurbi. Wanda muke zargi ba ya komawa fili a ranar. Daga nan matakai shida ne, daga ɗan motsi har zuwa cikakken karo, kowane mataki aƙalla awa 24, idan ciwon kai ko jiri ya dawo a koma baya. A gefen fili kuma ba na tsayawa musu da shi ko da kocinsa. Hularsa nake karɓa in ba mataimakina ya kulle a akwati, tunda doka ba ta barin kowa ya shiga wasa babu ita.